Labarin Lauzu, Ɗan Itace Mai Ƙamshi Da Dafi

A ƙarshen damanar da ta wuce na fita rangadin duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a makarantun ƙasar Jega da Aliero da Maiyama. Ran da na isa Kuberi na tarad da wani ɗalibi yana ba yara darasi a kan itatuwa masu amfani. Da ya ƙare sai wata yarinya ta ɗaga hannu, ta fito da wani kwalin sabulu da ta tsinta, ta nuna hoton wata ƙwaya mai kama da doguwar gyaɗa, ta ce, "Malam, wannan 'yar wane itace ce, me kuma ya kai ta cikin sabulu?" Lokacin tashi ya riga ya yi, saboda haka na gaya mata sunan itacen kurum, na yi mata alkawarin sauran amsa a rubuce.

Bayan kwana kaɗan na ratsa kasuwar Jega domin in sayi kayan turare na bikin wata 'yar ƙanena. Wata dattijuwa mai tallan kayan humra ta murtsuke waɗansu 'yan ƙwayoyi a tafin hannunta, ta miƙo mini, ta ce, "Malam, shinshina, mahalab ke nan, humra ba ta cika sai da shi." Na ce, "Inna, daga ina a ke kawo shi?" Ta ce, "Daga gabas, tun muna yara haka muka ji." Ƙamshin da na ji a hannunta kuwa ɗan'uwan wanda na ji a kwalin yarinyar nan ne. To, ga cikon alkawarina, na kuma sa shi a jarida domin malaman makaranta da malaman ofis su ma su amfana.

Asalin Itacen

Larabawa suna kiransa lauz, malamanmu da suka gamu da shi cikin littattafan tibbu su kan ce lauzu, 'yan kanti kuma su ce almon. Itace ne matsakaici, tsawonsa kamar ƙafa 15 zuwa 30, kuma dangin wardi ne da mishmish. Ya kan yi fure fari ko ja-ja tun kafin ganye ya fito, a ƙarshen sanyi. Abin da a ke ci shi ne ƙwayar da ke cikin ƙwallon, kamar yadda mu ke fasa ƙwallon aduwa mu ciro ta ciki. Asalinsa daga ƙasar Farisa ne da duwatsun da ke maƙwabtaka da ita, daga nan ya bazu zuwa Sham da Masar da Yunan, har ya kewaye Bahar Rum.

Kada a rikita shi da itacen nan mai faffaɗan ganye da a ke shukawa a farfajiyar makarantu da asibitoci domin inuwa, wanda yara kan fasa ƙwallonsa da dutse. Wannan Turawa suna ce masa almon ɗin Indiya, amma suna kawai suka tara, ba su haɗa dangi ba. Lauzu na ainihi ba ya 'ya'ya sai ya sha sanyi mai tsanani na makonni da yawa, sa'an nan ya sami rani marar ruwa lokacin nuna. Hunturunmu bai kai masa ba, damanarmu kuma ta yi masa laima. Shi ya sa ba a ganin gonarsa a Kabi ko Kano.

Ga Zaƙi Ga Harbi

Lauzu iri biyu ne, mai daɗi da mai ɗaci. Na daji mai ɗaci ne, kuma ɗacin nan gargaɗi ne. A cikin ƙwayarsa akwai wani sinadari da masana ke kira amigdalin. Muddin ƙwayar tana bushe ba a taɓa ta ba, ba ta ƙamshi, ba ta cuta. Amma da zarar an tauna ta, ko an daka an jiƙa da ruwa, sai sinadarin nan ya rabu uku: sukari, da wani mai mai ƙamshi da a ke kira benzaldihaid, da mugun dafi da a ke kira sayanaid. Watau ƙamshin da dafin tare su ke fitowa daga ɗaki guda. Likitoci sun ƙiyasta ƙwaya kamar 50 ta mai ɗaci ta isa kashe babban mutum, 5 zuwa 10 kuwa ta isa kashe yaro. Da wannan makami ne itacen ke tsare irinsa daga ɓeraye da ƙwari.

Dafin nan ba baƙo ba ne a gare mu. Shi ne a cikin rogo mai ɗaci, shi ya sa a ke jiƙa shi a shanya kafin a ci. Shi ne kuma a cikin gyauron dawa da ƙaramar dawar da fari ya kama, wadda kowane Bafulatani ya san in shanu suka faɗa mata sai a yi asara. A shekara ta 1902 waɗansu masana biyu a Landan, Dunstan da Henry, suka ware sinadarin da ke cikin dawa, suka raɗa masa suna durin, daga sunan dawa da Larabci. Makiyayanmu sun san aikin abin tun kafin a san sunansa.

To, yaya aka yi mai daɗi ya samu? Jifa-jifa cikin daji a kan sami itace guda wanda 'ya'yansa ba su da ɗaci. Manoman farko suka lura, suka riƙa shuka irinsa, har ya zama amfanin gona. Masu tonon kufai sun sami lauzun gida a wani wuri da a ke kira Numaira a ƙasar Jodan, wanda ya haura shekara 4,000. A 2019 aka buga cikin mujallar Science cewa bambancin mai daɗi da mai ɗaci duka canji ne a ƙwayar gado guda ɗaya, wadda in ta canza sai itacen ya kasa tara amigdalin cikin 'ya'yansa. Manoman yanzu ba su dogara ga iri, aure su ke yi wa itacen, kamar yadda mu ke yi wa mangwaro.

Ga wani abin mamaki da ya kamata malami ya riƙe. Lauzu mai daɗi, wanda a ke ci, kusan rabin nauyinsa mai ne, amma man nan ba shi da wani ƙamshin kirki. Ƙamshin da duniya ta sani da sunan lauzu na mai ɗaci ne. Saboda haka masu haɗa turare suka raba musu aiki: mai daɗi ya ba da man da ke ɗaukar ƙamshin waɗansu, mai ɗaci ya ba da ƙamshin kansa.

Masar Da Yunan

Mutanen dā ba su san turaren fesawa ba. Nasu na shafawa ne da na hayaƙi. Su kan jiƙa fure da saiwa da ƙaro cikin mai, su tace, su sāke zuba sabo, har man ya ƙoshi. Da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a 1922, an tarad da lauzu cikin guzurin da aka binne shi da shi fiye da shekara 3,300 da suka wuce. Attaura ma ta lissafa lauzu cikin tsarabar da Annabi Yaƙubu ya ba 'ya'yansa su kai Masar.

Misirawa suna da wani turare mai suna metofiyon, wanda likitan nan na Yunan, Diyoskorides, ya bayyana haɗinsa a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa. Tushensa man lauzu mai ɗaci ne, a zuba zuma da mur da ƙaro iri-iri da saiwoyi masu ƙamshi. Kafinsa da shekara kamar 350, Tiyofirastus, almajirin Aristo, ya rubuta ɗan littafi a kan ƙamshi, ya ambaci man lauzu mai ɗaci cikin mayukan da masu turare ke so, amma ya ce wanda suka fi aiki da shi shi ne man wani ɗan itace na Masar da Sham mai suna balanos, don ba shi da danƙo.

A nan ne labarin ya taɓo ƙofar gidanmu. Masana sun rabu biyu a kan balanos. Waɗansu suka ce aduwa ce, waɗansu suka ce wani ɗan'uwan zogale ne da ke fitowa a hamada. Ko wanne aka ɗauka, ga shi nan a bayan ɗakunanmu: aduwa ta cika dajin Maiyama, zogale kuwa shinge mu ke yi da shi.

Zamanin Larabawa

Da mulki ya koma Bagadaza aka juya littafin Diyoskorides zuwa Larabci a ƙarni na 9. A wannan zamani ne Yaƙubu ɗan Ishaƙa Alkindi ya yi littafinsa na haɗa turare, mai ɗauke da haɗi fiye da 100, har da bayanin tukunyar da a ke tatso ƙamshi da tururi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi maganar lauzu mai daɗi da mai ɗaci cikin littafinsa Alƙanun.

Akwai wata dabara tasu da ta cancanci a sani, domin ba ta bukatar inji. A kan shimfiɗa ɓararren lauzu ko riɗi, a rufe da fure mai ƙamshi, a bar su su kwana. In furen ya yi yaushi a kwashe a zuba sabo. A yi ta haka kwana da kwanaki har ƙwayoyin su sha ƙamshi, sa'an nan a matse mai. Ko yau a ƙasar Indiya ana yin haka da riɗi. Larabawa kuma suka yawaita noman lauzu a Andalus da Sikiliya da Magrib, inda har gobe a ke nomansa.

Masu Binciken Turai

A 1803 wani mai haɗa magani a Faransa, Martrès, ya tatso man ƙamshin nan daga lauzu mai ɗaci. A 1830 Robiquet da Boutron-Charlard suka ware amigdalin. A 1832 Jamusawa biyu, Wöhler da Liebig, suka buga bincikensu a kan man, suka nuna akwai wani gungun sinadari a cikinsa wanda ke wucewa daga haɗi zuwa haɗi ba ya wargajewa. Binciken nan yana cikin ginshiƙan ilmin sinadaran da a ke koya wa ɗalibanmu a sakandare, ko da ya ke ba safai a ke gaya musu daga ɗan itace aka faro ba.

Yadda a ke fid da man shi ne, a matse ƙwayoyin a ɗebe man farko, a jiƙa tunkuzar da ruwa har ƙamshi ya taso, a tatso shi da tururi, sa'an nan a wanke shi da ruwan farar ƙasa da gishirin ƙarfe don a raba shi da dafin. Galibi ma ba lauzu a ke ɓatawa ba, ƙwallon mishmish a ke sawa, don ya fi araha kuma abin da ke ciki ɗaya ne.

Son araha kuwa ya taɓa jawo ta'adi. A 1834 Mitscherlich ya haɗa wani ruwa mai ƙamshin lauzu, wanda daga baya 'yan kasuwa suka sa wa suna man mirban, suka riƙa zubawa cikin sabulu mai araha da man goge takalmi. Ashe yana ratsa fata ya ɓata jini. Yanzu an hana sa shi cikin kayan shafa a ƙasashen Turai. Benzaldihaid ɗin da masana'antu ke aiki da shi a yau, mafi yawansa daga sinadaran man fetur a ke haɗa shi, ba dafi a ciki. Saboda haka sabulun yarinyar Kuberi, mai yiwuwa ne hoton lauzu ne a waje, ƙamshin kuma na masana'anta ne.

Manyan gidajen turare ba su bar wannan ƙamshi ba. Man shafawar Jergens, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1901, da shi ya yi suna. Gidan Guerlain na Faris ya fitar da L'Heure Bleue a 1912 da wani sinadari mai ƙamshi kusa da na lauzu, gidan Dior kuma ya fitar da Hypnotic Poison a 1998 da lauzu mai ɗaci a kan gaba. Noman itacen kuwa ya koma Kalifoniya ta Amurka, wadda ke ba da wajen kashi 80 cikin 100 na lauzun duniya. Kowane watan Fabrairu a kan kwaso amya wajen miliyan biyu cikin manyan motoci a kai gonakin, domin furen ba ya ɗaukar 'ya'ya sai ƙudan zuma ya ratsa shi.

Yadda Ƙamshin Ya Iso Mana

Kada a zaci ƙasarmu saye kurum ta sani. Sa'ad da Kyaftin Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rubuta cewa Atiku, ƙanen Sarki, yana kiwon jibda 200 cikin kejin itace, ana ciyad da su da dawa da busasshen kifi, ana kankare turarensu bayan kowane kwana biyu. Dokta Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa jawul da kanumfari da man wardi cikin hajar da fatake ke kawowa ta hamada. Jega kuwa, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen 1820, ta zama mahaɗar ayarin Gwanja da na Nufe da na Kano, inda irin wannan haja ke sauya hannu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai hanyar raƙumi ta mutu, turare ya koma zuwa cikin kwalba ta bakin teku. A 1920 kamfanin W. J. Bush na Landan ya haɗa Bint el Sudan, turaren mai wanda ba giya a cikinsa, daga baya kuma aka riƙa yinsa a Kano.

Mahalab ɗin dattijuwar nan ƙwayar ƙwallon wani itace ne ɗan gida ɗaya da lauzu, mai fitowa a Turkiyya da Sham da Farisa. Mutanen can cikin burodi da alkaki irin nasu su ke sa shi. Matan Sudan suka mai da shi jigon humra, daga can sana'ar ta biyo hanyar alhazai ta ƙasa, ta Cadi da Barno, a hannun matan Shuwa da Barebari, har ta iso Gulbin Zamfara. A kan daka shi da farce da sandal da kanumfari da almiski, a jiƙa cikin turaren ruwa, a rufe kwalba a bar shi ya tsumu. Wanda ya dubi haɗin nan ya dubi na Misirawa zai ga hanya ɗaya ce: ƙwaya mai ƙamshin lauzu, da itace, da ƙaro, da haƙurin jira. Inna ta ce daga gabas ne, ta kuwa faɗi gaskiya.

Gargaɗi Biyu

Na farko, akwai masu tallan ƙwayar mishmish mai ɗaci, ko ƙwayar magani da aka yi da amigdalin, suna cewa tana warkad da ciwon daji. An gwada wannan a Amurka a kan majinyata 178, aka buga sakamako a 1982: ba wanda ya warke, waɗansu ma alamun dafin suka bayyana a jikinsu. Duk malamin da ya ji ana wannan talla a garinsu, wajibi ne ya faɗakar.

Na biyu, madarar turare ba abin sha ba ce, ba kuma abin ajiyewa inda hannun yaro zai kai ba. Mu kan juye ta cikin kwalabe marasa suna, har da na lemo, yaro kuwa hancinsa ya ke bi. A rubuta suna a jikin kwalba, a ɗora ta bisa. In za a sayi man shafawa ko sabulu na kanti, a duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin wannan aiki.

Abin Da Ke Hannunmu

Lauzu ba zai yi a gonakinmu ba, amma danginsa na sana'a suna nan. Ƙwayar aduwa tana da mai, haka irin zogale, haka riɗi. Dashi ɗan'uwan mur ne, hano ɗan'uwan lubban. Jemar da ke fadamunmu 'yar'uwar wadda mutanen Haiti da Jawa ke tatsar saiwarta ce suna sayar wa gidajen turaren Faransa. Kajiji kuwa kowace tsohuwa ta san darajarsa. Abin baƙin ciki, aduwar nan ita mu ke sarewa mu yi gawayi, ga shi itace ne mai jinkirin girma, wanda ya sare shi yau da wuya ya ci 'ya'yan madadinsa da wuri. Tsofaffin da suka san ma'aunin haɗi kuma suna ta tafiya, ba wanda ya rubuta abin da ke kansu. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka ina roƙon malamai abu uku. Ku aiki yara wurin kakanninsu mata su rubuto sunan kowane kayan turaren wuta da na humra, da inda a ke samunsa, da yadda a ke gyara shi, a tara cikin littafi guda a ajiye a makaranta. Ku gwada dabarar riɗi da fure a aji, mudu guda ya isa, yara su ga da idonsu yadda mai ke shan ƙamshi. Ku kuma sa kowane aji ya shuka aduwa da zogale a filin makaranta ya yi renonsu. Malaman ofis na ƙananan hukumomi, musamman na sashen daji da na kasuwa, su ma da nasu: a tsare dokar saran itace, a kuma san abin da a ke zubawa cikin kwalaben da a ke sayar wa jama'a.

Na aika wa shugaban makarantar Kuberi kwafin wannan bayani, da 'yan ƙwayoyin mahalab da na lauzu mai daɗi cikin ambulan, don a karanta wa yarinyar nan da 'yan ajinsu, su taɓa, su shinshina. In na koma rangadi da bazara zan nemi in ga littafin da suka tara. Allah ya sa mu dace, amin.